Samfurin ginin katako na Sin da ake haɗawa ba gam ba ƙusa: abin da za a duba kafin a saya

A kasuwannin intanet na ƙasar Sin, irin su Taobao da AliExpress, ana sayar da akwatuna cike da gutsattsarin katako da inji ya sassaƙa. In an harhaɗa su sai su ba da ƙaramin samfurin dougong, wato jerin dunƙulaye da hannuwan katako da ke zama a kan ginshiƙi su ɗauki leɓen rufi a tsoffin gine-ginen Sin. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda dougong ɗin kaɗai ke ciki, a kan ɗan gindin ajiye shi a tebur. Akwai kuma cikakke, mai ginshiƙai huɗu da katakan da ke ɗaure su da juna a sama, dougong na zaune a kansu. Malaman makarantun fasaha, ɗaliban zanen gini da kafintoci masu son ƙarin sani suna cikin masu sayensu.

Tallan masu sayarwa kusan ɗaya ne: babu gam, babu ƙusa, kuma sassaucin mahaɗar shi ke hana girgizar ƙasa rusa ginin. Maganar gam da ƙusa gaskiya ce a samfurin. Maganar sassauci kuwa akwai gyara a cikinta, kuma amfanin kayan gaba ɗaya ya rataya ne a kan ko zai iya nuna wa mai koyo wannan gyaran. Wanda aka yi da kyau yana nunawa. Da yawa ba sa iyawa, don an yi su ƙanana ƙwarai, ko an cire ɓangaren da darasin yake.

Awon farko

Kafin a haɗa komai a zuba gutsattsarin a kan tebur a auna su da ma'aunin kauri mai baki biyu irin na masu aikin ƙarfe. Samfuran da ke cewa sun bi tsarin daular Song suna da ƙa'idar da za a kama su da ita, domin littafin gini na hukuma da Li Jie ya tsara, Yingzao Fashi, wanda aka buga a 1103, ya ƙayyade girman kowane gutsure. Ma'aunin shi ne cai, girman yankan hannun katako ɗaya: kashi 15 a tsaye, kashi 10 a kwance. Tazarar da ke tsakanin hannu da na samansa kashi 6 ce, shi ya sa hannun da ke ɗaukar nauyi sosai ake yinsa kashi 21. Babban dunƙulen ƙasa, ludou, faɗinsa kashi 32 ta kowane gefe, tsayinsa 20. Ƙananan dunƙulayen tsayinsu kashi 10. Hannu na farko da ke bin layin bango, nidaogong, tsawonsa kashi 62, dogon da ke hawa kansa 92. Kowane taki da hannu zai yi zuwa waje ba ya wuce kashi 30.

Lissafin yana sauƙi in aka ɗauki babban zauren gabas na wurin ibada na Foguang da ke lardin Shanxi, wanda aka gina a 857, zamanin daular Tang, kuma masu yin samfuri suna kwaikwayonsa. Hannun katakonsa kusan santimita 30 ne a tsaye, 20 da ɗoriya a kwance, kashi ɗaya ya zama kusan santimita 2 ke nan. A samfuri mai girman 1:20 kashi ɗaya milimita 1 ne, hannu ya zama milimita 15 da 10. A 1:10 sai a ninka biyu. Ginin ya girmi littafin da shekara fiye da 240, don haka ba kowane tsawo zai dace daidai ba, amma in hannun da ke akwatin ya fito murabba'i, tsaye da kwance duk ɗaya, mai yinsa ya duba hoto ne kawai ya yanka. Irin wannan kayan ado ne, a bar shi ga mai son ƙawata falo.

Samfuran zamanin daular Qing, wadda ta zo daga baya, ma'auninsu dabam ne. Ƙa'idar 1734 ta ɗauki faɗin tsagar babban dunƙule, doukou, ta mai da shi ma'aunin komai. Dougong na zamanin Qing ƙanana ne, an jera su kusa-kusa, aikin ɗaukar nauyin da suke yi bai kai na Tang da Song ba. Suna da kyan gani. Don koyon yadda nauyi ke tafiya, na Tang ko Song ya fi.

Katakon ma a duba shi. Galibi ana yin samfuran da katako mai tauri, bic ko walnat, don inji ya fi yanka su da tsabta. Gine-ginen gaske kuwa da yawansu da itatuwa masu laushi dangin fayin aka yi su, in ban da manyan fadojin zamanin daular Ming da aka yi da icen da Sinawa ke kira nanmu. Bambancin ba ƙarami ba ne, za a ga dalili a gaba.

Haɗawa

Takardar bayani yawanci hotuna ne da rubutun Sinanci, wani lokaci da bidiyo. Hotunan sun isa in mutum ya san tsarin hawa. Ludou ke fara zama. A cikin tsagarsa mai siffar gicciye hannun da ke bin bango ke fara shiga, domin yankansa a sama yake. Sannan hannun da ke leƙawa waje, huagong, ya hau kansa, shi kuma yankansa a ƙasa yake. Ba kwalliya ba ce ta sa aka yi haka. Hannun da ke leƙawa waje, in nauyi ya danne bakinsa, samansa ne ke miƙewa, don haka ba a taɓa jijiyar saman da zarto. Samfurin da aka juya wannan yanka, aka tsage huagong ta sama, ya yi kuskure a ainihin abin da ya kamata ya koyar, kuma ana samun irinsu.

Daga nan ƙananan dunƙulaye su hau bakin kowane hannu, da ɗan turken katako ɓoyayye da ke riƙe su kada su zame. A tabbata turakun suna cikin akwatin, har da ƙari, don su ke fara ɓata. Sai hawa na biyu, da na uku. Taki ɗaya zuwa waje shi ake ce wa hawa huɗu a ƙirgar Song, har zuwa taki biyar wanda shi ne hawa takwas. Na kan ginshiƙan Foguang hawa bakwai ne, taki huɗu: hannu biyu a miƙe, sannan ang biyu, dogayen katakan da ke kwance a karkace, kansu na ƙasa a waje yana ɗaukar leɓen rufi, wutsiyarsu a ciki tana tokare da ƙasan katakon da nauyin rufin ciki ya danne. Da wannan ne leɓen rufin zauren ya fita kusan mita 4 daga ginshiƙi.

A nan samfurin dougong kaɗai ke nuna gazawarsa. Tun da babu rufin ciki da zai danne wutsiyar ang, da an ɗora ɗan nauyi a bakin waje sai duk jerin ya sunkuya gaba. Wasu masu yi suna rufe matsalar da matse tsagogin har sai an buga da guduma. Abin zai tsaya kyam, amma ƙarya yake faɗa, don matsi ne ke riƙe shi inda a ginin gaske nauyi ke riƙewa.

In gutsure ya ƙi shiga kada a tilasta shi. Kunnuwan dunƙule su ke fara tsagewa, domin jijiyarsu gajera ce. A goge cikin tsagar da samfefa mai laushi da aka naɗe a ɗan sillen katako, shafa biyu ko uku a gwada, kuma a goge gefe biyun daidai don kada hannun ya karkace. Guduma in za a yi amfani da ita ta katako ce ko ta roba, da wani gutsure a tsakani. Kada a shafa mai ko kakin zuma a cikin mahaɗa. Zai sauƙaƙa shiga, amma zai kashe gugar katako da katako, wadda ita ce rabin darasin.

Inda batun sassauci yake

Mahaɗar da ta fi muhimmanci ga tsayuwar ginin ba a cikin dougong take ba. Tana ƙasa da shi, inda harshen katakon ɗauri ke shiga ramin da aka sara a jikin ginshiƙi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai son koyo ya sayi cikakken samfuri mai ginshiƙai.

Mahaɗar harshe da rami ba a sandare take ba, ba kuma a sake take ba. In ginin ya karkata, harshen yana ɗan juyawa a cikin rami har gefensa na sama a wani ƙarshe da na ƙasa a ɗaya ƙarshen su tokare. Daga nan katakon harshen ya fara loɓawa. Katako yana jure danni sosai in an bi tsawon jijiyarsa, amma ta gefe ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin goma na wancan ba, kuma ta gefen ne bakin ramin ke danna harshen. Loɓawar da gugar da ke faruwa yayin da harshen ke zamewa su ke shanye ƙarfin girgiza. Wannan ita ce gaskiyar da ke cikin tallan. Ginin da ke iya lanƙwasawa haka yana lilo a hankali, kuma ƙarfin da ke shigarsa bai kai na gini mai sandararrun mahaɗai ba.

Sai dai loɓawar ba ta komawa duka. Kowace girgiza tana barin giɓi, ta gaba ta tarar da shi ta ƙara. Bushewar katako cikin shekaru, ruɓa da cin ƙwari su ma suna buɗa shi. A cikin giɓin nan kuwa mahaɗar ba ta yin aikin komai, harshe yana yawo ne kawai har ya sake tokara. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mahaɗan da aka sassauta da gangan, musamman a jami'ar fasahar gini da ke Xi'an, sun nuna abu ɗaya: gwargwadon faɗin giɓi, gwargwadon raguwar taurin mahaɗa da nauyin da za ta iya ɗauka da ƙarfin girgizar da za ta shanye. Mahaɗar da ta zauna daram tun farko amma take da ikon juyawa in an matsa mata, ita ce ke ceton gini. Wadda ta yi lako-lako nakasa ce, kuma masu kula da tsoffin gine-gine a Sin gyara ta suke yi.

Ana iya lissafa abin da alƙalami. Miƙaƙƙen harshe yana juyawa a banza gwargwadon giɓi a raba da tsawon harshe. A ɗauki giɓin milimita 3 a gajeren harshe mai milimita 100: juyawar kashi 3 cikin 100 ce. A ginshiƙi mai tsayin mita 4, kansa zai kauce milimita 120 kafin mahaɗar ta fara riƙewa. Giɓin nan dai a harshen da ya ratsa ginshiƙi mai kaurin milimita 400 ya fita ta baya, kaucewar milimita 30 ce kacal. Dogon harshe yana yafe sassauci, gajere ba ya yafewa.

Harshe mai siffar wutsiyar tsattsewa, wanda ake saukar da shi daga saman ginshiƙi, lissafinsa ya fi ban tsoro. A al'adar kafintocin Qing tsawonsa kusan rubu'in kaurin ginshiƙi ne, kuma bakinsa ya fi gindinsa faɗi da kusan kashi ɗaya cikin goma na tsawon a kowane gefe. A ginshiƙi mai milimita 400, harshen milimita 100 ne, buɗewar kowane gefe milimita 10. To duk milimita 1 da katakon ya motse a kowane gefe, harshen zai iya zarewa milimita 10 kafin ya ciji rami. Ƙa'idar kula da tsoffin gine-ginen katako ta Sin, GB 50165, a bugunta na 1992, ta ɗauki mahaɗa a matsayin mai lahani in harshe ya zare fiye da kashi biyu cikin biyar na tsawonsa a gine-ginen da ake jera katako bisa katako. Motsewar milimita 4 a kowane gefe ta isa ta kai can.

Yanzu a mai da wannan kan samfurin. A girman 1:20, harshen nan milimita 5 ne, buɗewar gefensa rabin milimita. Kuskuren inji na kashi biyu cikin goma na milimita a kowane gefe ya riga ya kai mahaɗar iyakar lahani tun tana cikin leda. Shi ya sa ƙananan samfura ko dai su zo a matse fiye da kima ko su zo suna zarewa da kansu, ba tsaka-tsaki. Ƙasa da 1:10 ba a samun mahaɗar da za ta yi halin ta gaske. Wanda zai koyar da ɗalibai ya nemi 1:10 ko mafi girma, ko da kuɗinsa da na dakonsa sun ninka. Mai neman ganin tsarin hawa kawai, 1:20 ya ishe shi.

Ga kuma matsalar katakon da aka ambata. Harshen bic a ƙarƙashin ƙarfin hannun mutum ba ya loɓawa yadda za a gani. Sai mai koyo ya zaci mahaɗar tana komawa yadda take bayan kowace girgiza. Maganin mai sauƙi ne ga wanda ke da kafinta a kusa: a sa ya yanko katakon ɗauri guda biyu daidai girman na akwatin da farin katako mai laushi. A saka su, a tura kan ginshiƙi gaba da baya sau ashirin da ɗan ƙarfi, a zare a duba. Za a ga layuka masu sheƙi a saman harshen da ƙasansa, kusa da gindinsa da wajen baki, inda ramin ya danne shi. In an mayar, za a ji ƙas-ƙas ɗin da babu shi ɗazu.

Gwaji a kan tebur

Samfuri yadda ya fito daga akwati bai da nauyin da zai yi halin gini. In an rage girma sau 10, nauyi yana raguwa sau 1,000, faɗin wurin da yake dannawa kuma sau 100 kawai. Dannin da ke kan kowace mahaɗa ya zama kashi ɗaya cikin goma na na gaske, ga shi kuma babu tayil ɗin gasasshen yumɓu da shimfiɗar laka da ke ƙarƙashinsu, waɗanda su ne mafi yawan nauyin rufin Sin. Sai a ɗora faranti na katako a sama, a jera ƙananan buhunan yashi har nauyin ya kai aƙalla ninki goma na samfurin kansa. Buhun yashi ya fi bulo, don in ya faɗo ba ya fasa komai.

Ginshiƙan gine-ginen Sin ba a binne su, zaune suke a kan dutse. Masu yin samfuri da yawa suna kafe su a gindin da dogon turke ko sukuru don kada ya wargaje a hanya. A cire, a ɗora ginshiƙan a kan tayil mara santsi. Sannan a duba ko kawunansu sun ɗan rusuna zuwa ciki. Ƙa'idar Song ta ce kashi 1 cikin 100 na tsayi a gaba da baya, 8 cikin 1,000 a gefe. Rusunawar nan ke sa nauyin rufi ya riƙa matse harsuna cikin ramukansu. Kusan duk samfuran arha a miƙe ƙyam suke, sai a gyara da ɗan siririn takarda a ƙarƙashin gefen waje na kowane ginshiƙi.

A ɗora duka a kan allo mai ƙananan bututu biyu a ƙasa, a tura allon gaba da baya a hankali. Abin da za a fara gani shi ne ginshiƙi yana ɗaga gefe ɗaya na ƙafarsa, nauyin sama ya maido da shi. Ginshiƙin da tsayinsa ya ninka kaurinsa sau goma, yadda aka saba a manyan gine-ginen Qing, yana da iyaka bayyananniya: in kansa ya kauce kusan kaurinsa, nauyin da ke maido da shi ɗazu shi zai kayar da shi. Duk milimitar da giɓin mahaɗa ya bari aka kauce a banza daga cikin wannan iyakar ake cire ta. Daga nan a saka siraran ƙarfen awon giɓi na makanikai a auna kowace mahaɗa, a cike giɓin da siririn sillen katako, a sake gwadawa. Sai a cire, a saka katakan ɗaurin da aka rage wa harshe rabin milimita. Bambancin lilo tsakanin gwaji biyun ba ya buƙatar na'ura kafin a gan shi, kuma saboda shi kaɗai cikakken samfuri ya biya kuɗinsa.

Masu talla suna yawan sa bidiyon wani samfuri mai girman 1:5 na ɗaya daga zaurukan tsohuwar fadar sarakuna ta Beijing a kan teburin girgiza, bangayen bulo na zubewa, katakon na tsaye. Gwajin gaskiya ne, kuma ya dace da karin maganar Sinawa cewa bango ya faɗi amma ɗaki bai rushe ba. A tuna dai sabon katako ne da sababbin mahaɗai. Benen Guanyin na wurin ibada na Dule, wanda aka gina a 984, ya tsira daga girgizar Tangshan ta 1976. Amma bayan girgizar Wenchuan ta 2008, zarewar harsuna da gocewar ƙafar ginshiƙi daga kan dutse suna cikin ɓarnar da aka fi gani a tsoffin gine-ginen katako na Sichuan. Hasumiyar katako ta Yingxian, wadda aka gina a 1056 mai tsayin mita 67, ta fi kowa ba da darasi. Ta sha girgizar ƙasa, ta sha harsasan igwa a 1926. A shekarun 1930 aka cire bangayen laka masu tokaran katako a gicciye daga hawanta na bayyane aka sa tagogi, sai mahaɗai suka rage su kaɗai. Yau hawa na biyu ya karkace har an hana baƙi hawa sama. Babu samfurin da na san yana zuwa da irin waɗannan tokaran, kuma rashi ne babba. Sanduna biyu da aka gicciya tsakanin ginshiƙai sun isa su nuna yawan aikin da suke yi.

Hunturu da damina

Ga mai saye a Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram akwai abin da takardar bayani ba ta faɗa ba. Ana yanka katakon a inda danshin jikinsa yake wajen kashi 12 cikin 100. A tsakiyar hunturu, lokacin da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20, katako a ɗaki yana bushewa zuwa kashi 4 ko 5. Bic na cikin itatuwan da suka fi motsi: ta gefen da ya fi motsewa yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na faɗinsa ga kowane maki ɗaya na danshi. Maki bakwai sun kusa kashi 3 cikin 100, kusan milimita 0.8 ke nan a harshe mai tsayin milimita 30. Ramin da ke jikin ginshiƙi kuwa tsayinsa yana bin jijiya, kuma katako kusan ba ya motsewa ta tsawonsa. Harshe ya rame, rami na nan yadda yake. Abin da ke sa kan gatari ya yi sako-sako a ƙotarsa da rani ke nan, kuma shi ne ya sassauta mahaɗan gine-ginen Sin da aka gina da ɗanyen katako.

Saboda haka in kayan ya iso da damina ya ƙi shiga, kada a yi saurin gogewa, don duk abin da samfefa ta ci a Agusta sai an neme shi a Janairu. A buɗe ledar a bar gutsattsarin mako biyu a ɗakin da za su zauna, nesa da rana da iskar na'urar sanyaya ɗaki, kafin a yanke hukunci. In ya yi sako-sako da hunturu, kada a jiƙa shi da ruwa. Zai kumbura ya matse na kwana biyu, jijiyarsa ta murƙushe a cikin rami, in ya bushe ya fi da sassauci. Gyaran da ya dace shi ne wanda masu gyaran gine-ginen gaske ke yi: siririn sillen katako iri ɗaya da na harshen, jijiyarsa na bin ta harshen, a cusa shi ya cike giɓin ba tare da an buga ba. A cire shi kafin ruwan farko, in ba haka ba kumburin damina zai tsage bakin ramin. Gam kuwa haramun ne a nan. A ginin gaske ma, in aka ɗaure mahaɗa da ƙarfe har ta sandare, ɓarnar tana komawa jikin ginshiƙi ne, wanda ya fi wuyar musanyawa, shi ya sa ɗaurin ƙarfen da ake yi don hana harshe zarewa ake barinsa da ikon ɗan juyawa.

A ɗaga samfurin daga ƙasa da bango saboda gara. Walnat ya fi bic haƙuri da sauyin yanayi, in akwai zaɓi shi za a ɗauka.

Kafin a biya kuɗi a tambayi mai sayarwa abu huɗu a rubuce: girman samfurin a kan na gaske, irin katakon, ko ginshiƙan a kafe suke a gindi, da hoton mahaɗar ginshiƙi da katakon ɗauri a buɗe. Wanda ya kasa turo hoton nan, sau da yawa harshen ƙarya ne a wurin, an huda ne an sa turke mai zagaye. A kuma nemi ya ƙara ludou ɗaya, ƙananan dunƙulaye biyar ko shida da turaku a cikin akwatin tun farko, domin sake yin odar gutsure ɗaya daga Sin dakonsa ya fi kuɗinsa, kuma wanda zai iso daga baya danshinsa dabam ne da na waɗanda suka riga suka sha hunturu, sai shi ma an ajiye shi mako biyu kafin a gwada shi a wurinsa.